Yadda ake ɗaura fawa-fak mai cirarrun wayoyi a kes ɗin kwamfutar tebur

Noti huɗu ne kacal ke riƙe fawa-fak a jikin kes, kuma ɗaure su ba ya cin minti biyu. Wahalar aikin, da kusan duk ɓarnar da ake yi, a wajen wayoyi suke. Fawa-fak, wanda za ka ga an rubuta PSU a kwalinsa, shi ne akwatin da ke karɓar wutar gida ya mayar da ita 12V da 5V da 3.3V, ya raba wa bod, wato babban farantin da sauran sassan kwamfuta ke haɗuwa a kansa, da firosesa da katin girafik da faifan ajiya. Iri uku ne a kasuwa. Akwai wanda duk wayoyinsa a manne suke da jikinsa, akwai wanda babbar waya mai fil 24 (fil su ne ƙananan ƙarafan da ke cikin kan waya) da ta firosesa kaɗai ke manne sauran kuma ana cirewa, sai kuma modula cikakke, wanda ba waya ko ɗaya a jikinsa, soket-soket ne kawai a gabansa. Bayanin nan a kan na ƙarshen ne, amma mai na tsakiyar ma zai bi shi ba matsala.

Abin da za ka tabbatar kafin ka kwance komai

Fara da girma. Fawa-fak irin ATX, wato girman da aka saba gani, faɗinsa milimita 150 ne, tsayinsa 86, waɗannan ba sa canzawa. Zurfinsa ne ke bambanta: daga 140, zuwa 160, zuwa 180, masu wat da yawa har su wuce haka. Ɗauki tef ka auna daga bangon bayan kes zuwa kejin da ake jera faifan ajiya, sannan ka ƙara aƙalla santimita 3 a kan zurfin fawa-fak ɗin, domin kawunan wayoyin da za ka soka a gabansa su ma suna cin wuri, ga lanƙwasar da za su yi. Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki: akwatin ya shiga, wayoyi sun rasa inda za su bi. A kes da yawa ana iya matsar da kejin gaba ko a cire shi gaba ɗaya, notinsa na ƙarƙashin kes. Ƙananan kes kuma ƙaramin fawa-fak irin SFX suke ɗauka, mai milimita 125 da 63.5 da 100, ATX ba zai shiga ba ko da an yi da gaske.

Idan kwamfutarka irin na ofis ce da ake kawowa na hannu, kamar Dell OptiPlex ko ƙananan HP da Lenovo, leƙa bod ɗin tukuna. Da yawa daga cikinsu ba su da soket mai fil 24, nasu na musamman ne mai fil 6 ko 8 ko 10 ko 14, kuma siffar fawa-fak ɗinsu ma daban take. Irin waɗannan sai da adafta da aka yi don ainihin wannan samfurin, wani lokaci ma akwatin ATX ba shi da mazauni a cikinsu.

Sai wat. Firosesa da katin girafik su ne masu cin wuta, sauran kayan duka, wato bod da RAM da SSD da fankoki, da wuya su wuce wat 60 zuwa 80. Ɗauki misalin katin girafik RTX 4070 mai cin wat 200, da firosesa mai kaiwa 150 idan aiki ya yi nauyi, da 70 na sauran kaya: 420 ke nan. Fawa-fak mai 650 ya wadatar, kuma shi ne abin da Nvidia ta ba da shawara ga wannan katin. Rarar da ake bari ba almubazzaranci ba ce. Katin girafik kan fizgi wuta fiye da lissafinsa na ɗan ƙiftawar ido, kuma fawa-fak ya fi sanyi da ƙarancin ƙara idan yana aiki a wajen rabin ƙarfinsa. Alamar 80 Plus kuwa, Bronze ko Gold ko Platinum, tana nuna yawan wutar da ba ta salwanta ta zama zafi. Kwamfuta mai jan wat 400, idan ingancin fawa-fak ɗin kashi 90 cikin 100 ne, wat 444 za ta ja daga bango, idan kashi 82 ne kuma 488. Mai aiki da inbata da batir ya san bambancin.

Karanta takardar da ke manne a jikinsa. Idan an rubuta 100-240V, da kansa yake daidaita wutar da ta shigo. Idan ka ga ɗan jan makunni a baya mai 115 da 230, wanda ya fi yawa a tsofaffi da masu araha, tabbatar yana kan 230 kafin fulogi ya taɓa soket. Wutar Amurka wajen 120V ce, saboda haka kayan da suka fito daga can kan iso a kan 115, kuma idan aka ba su wutarmu ta Najeriya ko Nijar a haka, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi.

Kayan aiki ba su da yawa: sukundireba mai kan tauraro lamba 2, noti huɗu irin 6-32 da ke zuwa cikin kwalin, igiyoyin roba na ɗaure waya, tocila, da mitar auna wuta idan kana da ita.

Mataki na 1: raba kwamfutar da wuta

Kashe ta daga cikin Windows ko abin da kake amfani da shi, mayar da makunnin bayan fawa-fak kan O, zare wayar bango. Sannan ka danne maɓallin kunna kwamfutar na daƙiƙa 10 zuwa 15 don ragowar wutar da ke kan bod ta zube. Kwantar da kes a kan tebur, cire murfin gefe biyu duka, ba na gilashi kaɗai ba, domin rabin aikin a bayan bod za a yi shi.

Lokacin hunturu, da iska ta bushe, jiki na tara wutar nan da ke ɗan tsunkulin mutum idan ya taɓa ƙofar mota. Ita ce ke kashe ƙananan sassan bod ba tare da an ga alama ba. Riƙa taɓa ƙarfen kes kafin ka kai hannu ciki, kuma kada ka yi aikin a kan kafet.

Shi kansa fawa-fak ba a buɗe shi. Babbar kafasitar da ke ciki tana aiki a wajen 400V, kuma tana iya riƙe wuta bayan an zare fulogi. Ba abin da mai ɗaurawa ke nema a ciki, ga shi buɗewa na soke garanti.

Mataki na 2: fitar da tsohon tare da wayoyinsa duka

Ɗauki hoton cikin kes da wayarka kafin ka zare komai. Kowane kan waya yana da 'yar ƙugiya a gefe, danna ta da babban yatsa, ka riƙe robar kan, ka ja kana ɗan girgizawa hagu da dama. Kada ka ja ta jikin wayoyin. Mai fil 24 takan yi tauri, sa ɗaya hannun ka danne bod kusa da soket ɗin don kada ya lanƙwashe. Kwance noti huɗu na baya, ka tallabi akwatin ka zaro shi.

Idan tsohon ma modula ne, za ka ji kamar ka bar wayoyinsa a inda suke, tunda an riga an shimfiɗa su tsaf a bayan bod, ka soka su a sabon kawai. Kada ka kuskura. Ɓangaren wayar da ke shiga bod ko kati ko faifai tsarinsa ɗaya ne a duniya, amma ɓangaren da ke shiga jikin fawa-fak ba shi da ƙa'ida ɗaya. Kowane kamfani da yadda yake jera layukansa, kuma ko a kamfani ɗaya samfuri biyu kan bambanta. Abin da ke yaudarar mutane shi ne kan wayar yakan shige soket ɗin daidai, har ƙugiyar ta kama. Ramin da tsohon ke ba da 5V, sabon yana iya ba da 12V a wurin. Da ka kunna, 12V ta bi layin 5V ta shiga SSD da faifan ajiya da duk abin da ke kan wayar, cikin daƙiƙa ɗaya sun ƙone tare da bayanan da ke ciki. Kariyar da ke cikin fawa-fak ba lallai ta cece ka ba, domin a wajensa ba laifin da ya faru, wutar da aka gina shi ya bayar ita ya bayar.

Saboda haka mai sayen fawa-fak na hannu ya tsaya a kan wayoyi fiye da farashi. Idan an haɗo maka da wayoyin da aka tsinto daga kwali daban-daban, ko ka auna kowane rami da mita kafin ka jona komai, ko ka bar shi.

Mataki na 3: gwada sabon a kan tebur

Minti biyar ne, kuma ya fi ka gama ɗaure wayoyi ka tarar akwatin matacce ne. Soka waya mai fil 24 a jikin fawa-fak, makunni na kan O, sa wayar bango. Wasu kamfanoni na sako ɗan murfin gwaji da ake tura wa kan wayar. Idan babu, lanƙwasa kilif ɗin takarda kamar harafin U. Riƙe kan wayar ramukan na kallonka, ƙugiyar tana sama. A layin sama ƙirga daga hagu: rami na huɗu shi ne fil na 16, wanda ke ba da umarnin kunnawa, na biyar da ke kusa da shi kuma fil na 17, wanda ake kira layin ƙasa, wato GND, layin da wuta ke komawa ta cikinsa. A wayoyi masu launi, kore da baƙi ke nan. Haɗa su da kilif ɗin, ka mayar da makunni kan I.

Fanka za ta juya. A sababbi da yawa za ta yi ɗan juyi ta tsaya, ko ma ta ƙi motsi, domin an tsara su kada fanka ta tashi sai nauyi ya kai wani mataki. Wannan ba lalacewa ba ce. Mita ce ke raba gardama: soka wayar Molex mai ramuka huɗu, biyun tsakiya layin ƙasa ne, na gefe ɗaya 12V, na ɗaya gefen 5V. Layin 12V ya kasance tsakanin 11.4 da 12.6, na 5V tsakanin 4.75 da 5.25. Kashe, zare wayar bango, cire kilif.

Mataki na 4: zaɓi wayoyin da kake bukata, ka soka su tun akwatin na waje

Amfanin modula shi ne wayar da ba ta da aiki ba ta shiga kes. Kwamfuta ta yau da kullum tana bukatar mai fil 24 guda ɗaya, ta firosesa ɗaya ko biyu, ta katin girafik gwargwadon soket ɗin da ke jikin katin, da wayar SATA ɗaya idan akwai faifai ko na'urar raba wa fankoki wuta. Mai SSD irin M.2 kaɗai, wanda ake sokawa kai tsaye a jikin bod, yana iya gamawa ba tare da SATA ba.

Kowace waya kai biyu gare ta, kuma ba a juya su. Kan da aka rubuta PSU, ko wanda ba ya rabuwa, shi ke shiga fawa-fak. Kan da ke rabuwa gida biyu shi ke zuwa wajen kaya. Sai dai mai fil 24 daban take: a yawancin samfura takan rabu biyu a ɓangaren fawa-fak, sau da yawa 18 da 10, kuma dole duka biyun su shiga. Mantawa da ƙaramin na daga cikin dalilan da ke sa sabuwar kwamfuta ta yi shiru kamar ba wuta.

Bi rubutun da ke kan soket-soket ɗin: M/B ko ATX na bod, CPU na firosesa, PCIe na katin girafik, sai SATA ko Peripheral masu ramuka 5 ko 6. A fawa-fak da yawa CPU da PCIe soket iri ɗaya suke rabawa a jikin akwatin, kowanne ka sa ya yi. Tura kowane kai har ka ji ƙas, sannan ka ɗan ja shi baya ka ga ko ya kama. Dalilin yin wannan a waje shi ne, da zarar akwatin ya shiga ƙarƙashin rufin da kes na zamani ke da shi, hannu ba ya kaiwa sosai, ido kuma ba ya gani sam.

Mataki na 5: ina fanka za ta kalla

Idan mazaunin fawa-fak a ƙasan kes yake kuma akwai ramukan iska da raga a ƙarƙashi, fanka ta kalli ƙasa. Ta haka yake shaƙar iska mai sanyi daga waje ya fitar ta baya, ba ruwansa da zafin katin girafik. Idan ƙasan kes a toshe yake, fanka ta kalli sama. Haka ma idan kwamfutar a kan kafet ko darduma mai gashi za ta zauna, ko da yake gara a sa mata katako a ƙarƙashi a bar fankar a ƙasa. A tsofaffin kes da ake ɗaura shi a sama, fanka na kallon ƙasa, cikin kes.

Fara tura wayoyin ta gefen bayan bod, sannan akwatin ya biyo. Wasu kes suna da firam da ake cirewa a baya, a ɗaura shi a jikin fawa-fak, a zura duka ta baya. Daidaita ramukan, ka sa noti huɗun da hannu kowanne ya ɗan kama kafin ka ɗaure ko ɗaya. Sannan ka ɗaure su a gicciye. Da ya tsaya ya isa, ba taya mota kake ɗaurewa ba, zaren ramin na saurin cinyewa. Yi amfani da notin da ya zo da shi, domin wanda ya fi tsawo yana iya kaiwa ga abin da ke ciki.

Mataki na 6: kai kowace waya gidanta

Fara da ta firosesa, don ita ce mai wuyar kaiwa. Soket ɗinta na can saman bod ta hagu, a lungu, kuma idan akwai babbar na'urar sanyaya firosesa ko radiyeto a saman kes, yatsu da ƙyar suke shiga. Bi da ita ta bayan bod, ta fito ta ramin da ke saman kusurwa. Kanta na rabuwa 4 da 4. Ta katin girafik kuma 6 da 2 take rabuwa. Ka riƙe wannan bambanci da kyau, domin dukansu fil 8 ne, a ido kamar ɗaya, amma inda 12V take a ɗaya, layin ƙasa ne a ɗayar. An yi siffar ramukan daban don kada su shiga gidan juna, sai dai roba ce, mai ƙarfin hannu yana iya cusa ta. Duk kan da ya ƙi shiga da matsakaicin turi, tsaya ka sake dubawa. Idan bod na da soket biyu na firosesa, 8 da 4 ko 8 da 8, na farkon dole ne, na biyun sai manyan firosesa masu cin wuta sosai, amma idan kana da wayar ba laifi ka sa.

Mai fil 24 ta fito ta ramin da ke dama da bod. Idan kanta 20 da 4 ne, haɗe su su zama ɗaya kafin ka tura. Tallabi gefen bod da yatsu ta ƙasa, ka danna har ƙugiyar ta hau. Haska tocila ta gefe: kada a ga wata tazara tsakanin kan wayar da soket, ko ta kaurin farce.

Katin girafik yana samun wat 75 daga ramin bod, soket mai fil 6 na ƙara masa 75, mai fil 8 kuma 150. Wayoyi da yawa na zuwa da kai biyu a jere a kan waya ɗaya. Ga ƙaramin kati ba damuwa, amma katin da ya haura wat 225 a ba kowane soket wayarsa daban tun daga fawa-fak. Waya ɗaya mai ɗaukar nauyin biyu tana zafi, wutar na raguwa a hanya, sai ka ga kwamfuta na mutuwa a tsakiyar wasa ko aikin bidiyo.

Sababbin katunan Nvidia da yawa suna amfani da kai mai fil 16, wanda ake kira 12VHPWR, da gyararrensa 12V-2x6, mai ɗaukar har wat 600. Fil ɗinsa ƙanana ne, wutar da ke bi ta cikinsu kuma mai yawa, saboda haka idan bai zauna daram ba, wurin da ya ɗan taɓa ne ke ɗaukar nauyin duka ya yi zafi har roba ta narke. An ga haka a kan RTX 4090 tun 2022. Tura shi har ƙarshe, ka duba ta kowane gefe, kuma kada ka lanƙwasa wayar sai ta yi nisan kamar milimita 35 daga kan. Idan murfin gilashi na danne ta lokacin rufewa, sake mata hanya. Fawa-fak mai ATX 3.0 ko 3.1 yawanci yana zuwa da wannan wayar kai tsaye. Idan naka ba shi da ita, yi amfani da adaftar da ta zo cikin kwalin katin, kowane reshe da wayarsa.

SATA na da baki mai siffar L, hanya ɗaya yake shiga. Tura shi a miƙe, domin harshen robar da ke jikin faifai na karyewa idan aka danna shi sama ko ƙasa. Guji adaftar Molex zuwa SATA mai araha, irin wadda aka narka roba a kan wayoyinta, an san ta da haɗa wuta ta kama.

Mataki na 7: kunna kafin ka ɗaure

Kada ka ɗaure wayoyi ko ka rufe kes tukuna. Duba ko wani noti ya faɗa ciki, ko wata waya na taɓa fanka. Jona allo a jikin katin girafik, ba a bod ba. Sa wayar bango, makunni kan I, danna maɓalli. Idan ta tashi, shiga BIOS, wato saitin bod da ake shiga tun kafin Windows ta tashi, ka duba shafin da ke nuna 12V da 5V da 3.3V, ka ga faifanka duka sun bayyana. Sannan ka kashe, ka tattara wayoyin a bayan bod, ka ɗaure su a maƙalan da ke jikin kes ba tare da shaƙe su ba, masu kauri a kwance gefe da gefe don murfi ya rufu ba dole.

Idan ta ƙi

Shiru gaba ɗaya, ko fitila ba ta kama ba: makunnin baya, fis ɗin da ke cikin fulogi mai ƙafa uku, sai kawuna biyun mai fil 24 a jikin fawa-fak. Idan duk lafiya, duba 'yar siririyar wayar maɓallin gaba, mai rubutun POWER SW, takan zare lokacin da ake jan manyan wayoyi.

Fankoki na juyawa amma allo baƙi, fitilar CPU a kan bod na ci: wayar firosesa ce ba ta shiga ba, a ɗaya daga cikin kawunanta biyu. Idan fitilar VGA ce, koma kan katin.

Ta yi ƙas, fanka ta motsa rabin juyi ta tsaya: kariyar fawa-fak ce ta yanke saboda wuta ta haɗu a wani wuri. Kada ka yi ta dannawa. Zare komai ban da mai fil 24 da ta firosesa, ka gwada, sannan ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, kana kashe wuta kowane karo, har mai laifin ya fito. Wasu fawa-fak ba sa sake tashi bayan irin wannan yankewa sai an kashe makunnin baya na ɗan lokaci. Idan ka ji ƙauri, zare fulogi nan take.

Tana aiki lafiya sai an ɗora mata nauyi ta mutu: ko wat bai isa ba, ko kati na kan waya ɗaya mai kai biyu, ko fanka na kallon wurin da ba iska. Idan kuma mutuwar na zuwa ne daidai lokacin da aka ɗauke wuta UPS ya karɓa, laifin ba na ɗaurawa ba ne. Fawa-fak na zamani masu Active PFC wasunsu ba sa jituwa da UPS ko inbata mai ba da wuta mai tsalle-tsalle, sun fi son wanda aka rubuta Pure Sine Wave a jikinsa. Duba kuma lissafin: UPS na gama-gari mai 1000VA yawanci wat 600 ne kawai yake ɗauka, kuma allo ma a kansa yake. Mai aiki da janareta ya bar shi ya daidaita tukuna kafin ya kunna kwamfuta, ya kuma kashe ta kafin a kashe shi.

Ragar ƙurar da ke ƙarƙashin kes ana zaro ta ne ta baya ko ta gaba kamar aljihun tebur. Da hunturu a kakkaɓe ta duk mako biyu ko uku, domin idan ta toshe, fawa-fak ɗin da fankarsa ke kallon ƙasa ba shi da wata hanyar shan iska. Wayoyin da suka rage kuma a mayar da su jakarsu, a rubuta sunan samfurin fawa-fak ɗin a jiki da maka, a ajiye su nesa da na tsohon.